Ƙofar da Kumatu Ba Ta Rufe Ba

Iya ba ta taɓa haihuwa ba, amma kowa a gidan marayun nan ya san Kumatu tata ce. Ita ta karɓe ta daga hannun ma'aikaciyar jinya tana jaririya, ita ta sha amanta, ita ta yi fama da zazzaɓin haƙoranta. Yara da dama ne a ɗakin da Iya ke kula da shi, kuma in ka tambaye ta sai ta rantse duk ɗaya suke a wurinta. Ƙarya take yi, kuma duk gidan an san ƙarya ce, ba dai mai faɗa. Kumatu ta kai shekara huɗu, amma har yanzu in ana rabon nama sai hannun Iya ya yi nauyi a kan kwanonta.

Da hutun makaranta ya zo, sai ga ɗalibai daga wata jami'a ta ƙasar waje, sun zo aikin sa kai. Iya ta ga irinsu ba iyaka. Su zo da jakunkuna a baya, su shafe bango da fenti, su ɗauki hoto da yara, su yi kuka a bakin ƙofa, shi ke nan. Ko a jikinta.

Sai dai a cikin waɗannan akwai wata siririya mai gilashi da ta ƙi tsayawa inda baƙo ke tsayawa. Tun ranar farko ta bar 'yan uwanta da bokitin fenti, ta zagaya bayan gida wurin famfo, ta tsuguna cikin mata tana wankin zanen gado. Ba ta iya ba, kumfa har goshi, matan suka yi ta sheƙa dariya, ita ma tana taya su. Kafin a ankara ta koyi goyo, ta koyi gaisuwa, ta san wadda mijinta ke kwance ba lafiya da wadda ɗanta ke jiran sakamakon jarrabawa. Yara suka sa mata Anti Mai Gilashi, manya ma suka bi.

Da farko Iya ma ta yaba. Abin ya fara ci mata rai ne ranar kitso. Ta shimfiɗa tabarma, ta ɗauko mataji da mai, ta kira Kumatu. Yarinyar ta maƙale kafaɗa.

"Anti za ta yi mini."

"Antin da ko tsaga ba ta iya ba? Zo nan, kar ki ɓata mini lokaci."

Ba ta zo ba. Da yamma ta dawo da wasu ƙulle-ƙulle a ka, wannan ya kalli gabas, wancan ya kalli yamma, tana yawo tana nuna wa kowa. Iya ta ce bari ta gyara mata gefe ɗaya, yarinyar ta dafe kai da hannu biyu ta ruga.

Mai girki, wadda bakinta bai san shiru ba, ta leƙo ta tagar kicin. "Iya, yau kuma an sauke ki daga aiki ke nan?"

"Ki ji da tukunyarki," in ji Iya.

Ta yi dariyar yaƙe. Kishi ne, ba wani abu ba, kuma ta san kishi ne. Mace da furfura tana kishi da yarinyar da ba ta wuce sa'ar jikarta ba! Abin kunya ne, sai dai sanin haka bai rage mata komai ba.

Wanda ya fi yi mata ciwo ya faru ne a tsakar gida. Kumatu ta faɗo daga lilo ta ƙuje gwiwa. Iya na zaune a kan benci, tuni ta ware hannuwa, don tun da yarinyar ta fara tafiya nan take kawo kukanta. Kumatu ta taho a guje tana ihu, ta wuce ta har gefen rigarta na shafar zanen Iya, ta faɗa jikin Anti. Iya ta rasa yadda za ta yi da hannuwanta, sai ta shiga gyara ɗankwali.

Da ma ɗalibar nan mai girman kai ce, da Iya ta samu abin riƙewa. Ina! Da la'asar sai ta zo ta zauna a ƙasa, ta ɗora ƙafar Iya a cinya tana shafa mata man zafi a gwiwa.

"Iya," ta ce, tana haɗa kalmomin da ƙyar, "Kumatu kullum maganarki. Iya ta ce kaza, Iya ta hana kaza. Ta yi sa'ar uwa."

"Allah Ya yi miki albarka, 'yata," in ji Iya. A ranta kuwa cewa take, to ki sakar mini ita mana.

Gidan yana da wata ƙa'ida da shugabar gidan ta kafa tun da daɗewa, bayan ta gaji da ganin yara suna neman baƙin da suka ɓace ba sallama. Ranar tafiya, kowane yaro zai raka baƙon da ya fi shaƙuwa da shi har bakin ƙofar gida. Baƙon ya fita, yaron ya sa hannunsa ya tura ƙofar ta rufu. A yi kukan a gama, kowa ya san an tafi. Kumatu ta ga ana yi tun tana goye, ta san abin sarai.

Ana gobe tafiya shugabar ta tara ma'aikata ta tuna musu. "Iya, ke za ki riƙo Kumatu. Tata za ta fi zafi, ki tsaya kusa."

Iya ta ce to. Amma da ta hango kanta tsaye a gefe, 'yarta na birgima a ƙasa saboda wata, mai girki na kallo, sai ta ji ba za ta iya ba.

Da safe ta ce ai yarinyar ta kwana tana sosa kunne, bari ta kai ta asibitin unguwa a duba, yanzu za su dawo. Ta saɓe ta ta fice ta ƙaramar ƙofar baya. A asibiti layi bai da tsawo, sai Iya ta zama mai kirki: wannan ta wuce, jaririnta na kuka, wancan ya wuce, tsoho ne. Likita ya haska kunnen ya ce lafiya lau. A hanya ta saya wa Kumatu biskit, suka tsaya kallon masu gyaran babur. Sai da rana ta take suka koma.

Motar baƙin ta daɗe da tashi. Mai girki ta tare ta, wannan karon ba wasa a fuskarta.

"Antin nan har ƙarƙashin gadaje ta duba tana neman Kumatu. Direba na ta hon, ita tana kuka. Ta ce a gaishe ki, a ce ta gode."

Shugabar kuwa kallo ɗaya ta yi wa Iya ta koma ofis.

A gaskiya Iya ta ji daɗi ranar. Ta warware ƙulle-ƙullen nan, ta yi wa Kumatu kitso mai kyau, yarinyar ta zauna shiru. Sai da aka gama ta ɗago.

"Ina Anti?"

"Ta tafi garinsu."

"Ba ta tafi ba."

"Ta tafi mana, uwata. Duk sun tafi."

"Ban rufe ƙofa ba," in ji Kumatu, ta miƙe.

Tun daga nan ta koma zaman bakin ƙofa, kusa da kujerar maigadi. Ba ta kuka, ba ta rigima. A kira ta cin abinci ta zo ta ci ta koma. Sauran yaran da suka yi birgimarsu ranar tafiya tuni sun manta, suna ta faɗa a kan lilo. Ita kuwa ko mota ta wuce sai ta leƙa ta ramin makulli. Iya ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ɗauko ta da ƙarfi, duk a banza. In ta yi magana ma yarinyar ba ta juyowa, wai kar Anti ta zo ba ta gani ba.

Wata rana da azahar Iya na ninke kaya a ɗaki, sai ta ji ɗan hannu ya kama yatsanta. Rabon da Kumatu ta neme ta da kanta har ta manta. Daɗi ya kama ta, ta saki rigar da ke hannunta.

"Iya, zo."

"Ina za mu, uwata?"

Ta ja ta suka ratsa tsakar gida, suka wuce famfo, har bakin ƙofa. Ta nuna mata dakalin da take zama. Iya ta zauna. Yarinyar ta haye cinyarta, ta kwantar da kai a ƙirjinta, ta juya fuskar Iya da hannu zuwa wajen ƙofar.

"Barci nake ji. Ke ki duba mini. In ta zo ki tashe ni."

"To," in ji Iya.

"Kar ki yi barci fa."

"Ba zan yi ba."

Nan da nan numfashin yarinyar ya daidaita. Maigadi ya kawar da kai. Iya ta rungume 'yarta, ta zuba wa ƙofar ido.