Idon Trevor na Hagu

Mijina Trevor da ido ɗaya a buɗe yake barci. Ba wasa nake ba. Tun da Gavin ya rage masa fatar idon da ta zazzago, na hagun ya ƙi rufuwa, sai na ɗiga masa magani na manne shi da filasta kamar bakin kwali, sannan ya rufu.

Gavin ɗan ƙungiyarmu ne ta masu ceto a bakin teku, nan garin Gold Coast a Ostareliya. Shi ke gasa mana nama duk Lahadi, shi ya taɓa tsamo ɗanmu daga ruwa. To, a wurinmu wa zai dubi aboki ya ce masa, "Nuna mini takardunka"? Ai abin kunya ne. Likita ne, ga asibitinsa mai ƙyalli, shi ke nan muka miƙa masa fuska.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, muka tafi birnin Brisbane wurin wata ƙwararriyar likitar gyaran fuska. Ta duba, ta girgiza kai.

"Wanda ya yi aikin nan, likita kam likita ne, amma bai yi shekarun koyon fiɗa ba. Da kun tambaya, da kun sani."

A mota Trevor ya ce, "Raelene, kada ki gaya wa kowa. Mutumin nan ya ceci yaronmu."

Na yi shiru, wallahi na yi shiru. Duk wanda ya tambaya sai in ce ciwon ido ne. Alhali ƙawata Narelle ta gaya min ita ma za ta je wurin Gavin ƙarshen wata. Kullum in ɗauki waya in ajiye, in ce gobe. Abin yana ci na har abinci ya daina min daɗi.

Ranar Lahadi a wurin gashin naman na gan ta da ƙaton baƙin tabarau, na ja ta bayan rumfar jiragen ruwa.

"Narelle, don Allah ki fasa aikin nan."

Ta ƙyalƙyale da dariya. "Kin makara, uwar tsoro! Ranar Alhamis ya yi min. Wai ni 'yar gida ce, ba zai bar ni a layi ba."

Ta cire tabarau. Idon dama ya yi jajur, hawaye na bin kumatunta ba ta ma sani ba.

"Wannan ne dai ba ya rufuwa sosai, ya ce kumburi ne. Ai haka na Trevor ya fara, ko? Daga baya ya warware?"

Daga wurin gashi Gavin ya ƙwala min kira, "Raelene, da albasa ko babu?"

Na buɗe jaka, na ciro filastar Trevor.

"Zauna, Narelle. Bari in nuna miki yadda ake mannewa."