Shakazoba Mai Tauri

Tun da aka yi wa Mama aiki a ƙugu, hanyar asibiti ta zame mini abin fargaba. Ramukanta duk na haddace su, har da wani mugu da ke ɓuya cikin ruwa a kwanar gidan mai. Motar da Baba ya rasu ya bar mana kuwa ta sha jiki. Da ta faɗa rami sai ta kama rawa, Mama a kujerar baya tana riƙe da ƙofa tana salati.

Na kai ta gareji. Bakaniken ya danna bayanta da hannu biyu ya saki, ta yi ta lilo ta ƙi tsayawa.

"Malama, shakazoba ce ta mutu, ƙarfen da ke tare jijjiga," in ji shi. Ya ɗauko iri biyu ya ajiye a kan benci. "Wannan mai laushi ce, tana shanye rami, marar lafiya zai ji daɗinta. Wannan kuma mai tauri ce, ta masu ɗaukar kaya. Ba ta barin bayan mota ya zauna, amma wanda ke ciki jikinsa zai gaya masa."

Ai babu abin tsayawa tunani. Na zaɓi mai laushi, muka sa ranar da za a ɗaura.

Ranar ta faɗo daidai da jarrabawar ɗalibaina. Ina cikin saƙe-saƙe sai ga Auta, ƙanina, wanda ko kofin da ya sha ruwa ba ya iya ɗaukewa, wai shi zai kai motar. "Yaya, ki je aikinki, ki bar mini wannan." Na ji daɗi har cikin raina, na yi ta sa masa albarka, ina cewa yaro ya yi hankali.

Fitarmu ta farko bayan gyara, motar ta daina lilo, amma kowane rami sai na ji shi har cikin haƙorana. Na tambayi Mama yadda ta ji.

"Da sauƙi sosai," ta ce.

Sai na ɗora laifin a kan tuƙina. Na koma tafiyar hawainiya, masu babura suna zagina, ina kauce wa ramuka har kafaɗuna su yi tsami. Duk da haka, in mun isa sai na ga gefen mayafinta ya jiƙe, ashe cizonsa take yi. Da likita ya ce wurin aikin ya kumbura, ya tambaya ko tana shan jijjiga, fita na yi baranda na yi kukana ni kaɗai.

Ina sauke Mama a gida na wuce gareji, raina a ɓace, na tarar da bakaniken yana wanke hannu.

"Wace irin mai laushi ce wannan ka sa mini?"

Ya dube ni da mamaki. "Ai mai tauri na sa. Ƙaninki ya ce a gida an canza shawara." Ya zagaya bayan motar ya buɗe but, ya ɗaga shimfiɗar. Ga garin siminti, ga ɓaraguzan tayil a kowane lungu. Sai a lokacin na gane inda Auta yake zuwa da yamma, in ya ari makulli wai zai gai da abokai.

A ɗakin Mama na same shi, ya miƙe ƙafa yana danna waya. Ban ko zauna ba.

"Kai, ba ka jin tsoron Allah? Uwarka da ɗinki a jiki, ka sa mata shakazobar masu dako?"

Ya sunkuyar da kai. Mama ce ta amsa daga kan gado.

"Ki ƙyale shi. Ni na ce ya sa."

Na juya ina kallonta.

"Ya samu aikin kai wa magina kaya," ta ce. "Ke kina da aikinki, shi fa? Shekara nawa yana zaune? Ciwo ai na ɗan lokaci ne."

"Mama, kina gani ina ta zargin kaina, kika yi shiru? Me ya hana ku gaya mini?"

"Da an gaya miki, za ki yarda?"

Wallahi da Auta ne kaɗai, da na san yadda zan yi da shi. Amma su biyu ne suka zauna suka ƙulla, a ɗakin nan da nake kwana a ƙasa don in juya ta. Ban taɓa jin an ci amanata irin ta ranar ba.

"Gobe zan mayar da ita a cire," na ce.

Mama ta yunƙura za ta tashi, ciwon ya mayar da ita. "In kika taɓa motar nan, ban yafe miki ba."

Auta ya lallaɓa ya fice, na ji tashin motar a waje. Na ce to. Me kuwa zan ce? Na durƙusa ina gyara mata filon da ke ƙarƙashin ƙugunta, ta ce in yi a hankali, wurin yana mata zafi.