Tsohuwar Ɗakin Tsakiya

Da yammar da aka buɗe baje kolin sabbin hotuna a gidan tarihi, Auta ya sha baƙar riga, ya rataya kyamarar da ba shi da niyyar taɓawa, ya kafe kusa da hotunansa kamar mai tsaron shago.

A ɗakin farko wata ta ɗauki kujeru babu kowa a kai. A na ƙarshe wani ya ɗauki bango, bangon ma bai fito sosai ba. Manyan gari na yawo da kofunan lemo, su karkata kai, su ja da baya, su ce, "Akwai zurfi." Wanda bai gane komai ba shi ya fi daɗewa a tsaye.

Ɗakin tsakiya na Auta ne. Tsohuwa ɗaya ce a duk hotunan, baƙi da fari, kowanne girman ƙofa. Ga ta tana shara da koɗaɗɗen zani, ga ta tana kankare tukunya, ga ta tana gyangyaɗi baki buɗe.

Mutum ɗaya yake jira, wani baƙo mai furfura da ke zaɓen hotunan da za a kai babban baje koli a ƙasar waje. Auta ya gaji da ɗaukar hoton fasfo a shagonsa yana cewa mutane su ɗaga haɓa. Idan baƙon ya gyaɗa kai, ya rabu da wannan shagon har abada.

Da shugabar gidan ta kawo baƙon, Auta ya sassauta murya.

"A wani ƙauye na tsince ta, ranka ya daɗe, bayan doguwar tafiya. Ko kyamara ba ta taɓa gani ba."

Ƙarya ce tsagwaronta. Mahaifiyarsa ce, a bayan gidanta mai bene da 'yan haya a ƙasa. Cewa ya yi zai gwada sabuwar kyamara, ya roƙe ta ta cire 'yan kunne wai suna kashe haske. Ya san ba a sayen hoton tsohuwa mai ƙoshi, shi ya sa bai gayyaci kowa daga gida ba.

Sai dai gidan tarihi ya yi talla, Yaya kuma, 'yar uwarsa, ba ta ajiye waya. Yana cikin zuba ya hango ta a bakin ƙofa, riƙe da hannun Mama. Mama ta ci ado, zinariya a wuya, ƙamshinta ya riga ta shigowa.

Babu wanda ya gane ta. Wata ma ta matsa mata wuri, tana nuna hoton gyangyaɗin. "Dubi wahala, baiwar Allah. Har na ji hawaye."

Mama ta duba. Ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, a hankali, har ta iso inda ɗanta ke maimaita labarin ƙauyen don waɗanda suka makara, domin shugabar ta matsa masa. Ta saurara har ƙarshe. Yaya ta buɗe baki, Mama ta matse mata hannu.

"Na san matar nan," in ji Mama.

Baƙon ya juyo da murna. "Da gaske? Ba ta da 'ya'ya ne, aka bar ta haka?"

Tsoro Auta yake ji, kuma ba na ɓacin ranta ba. Tsoronsa kada jirgi ya tashi babu shi.

Mama ta dube shi, kallon da ba ta taɓa yi masa ba.

"'Ya mace ɗaya gare ta," ta ce. "Tana kula da ita daidai gwargwado."

Baƙon ya girgiza kai cikin tausayi, ya kama hannun Auta da hannu biyu. "Za mu ɗauke su duka. Wannan aiki ne na mai zuciya."

Aka tafa. Wani ya ce akwai zurfi.

Mama ta gyara mayafi, ta ce wa Yaya ƙafafunta sun gaji. Da za ta wuce ta gabansa ta ɗan tsaya, cikin ladabin da ake yi wa baƙo.

"Sannu da aiki, malam. Allah ya ba da kasuwa."