Giga Sha Biyu Suna Barci

Shekara uku ina cika baki a masaƙarmu ta Tiruppur cewa ni, Ilango, na ƙara wa saba, uwar kwamfutocin ofis, memori, wato ƙwaƙwalwar aiki, har giga sha shida. Ita kuwa tafiyar hawainiya take ta yi. Na zargi zafi, na zargi wutar lantarki, har ƙurar auduga sai da na ɗora wa laifi.

Sai aka ɗauki sabuwar ma'aikaciya, Kayal. Kallo ɗaya ta yi wa allo ta ce, "Yaya, babbar manhajar nan fa mai bit 32 ce. Giga huɗu kaɗai take gani, sauran sha biyun barcinsu suke sha."

Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Ai na sani, gwada ki nake."

Magani shi ne a koma mai bit 64. To amma sai an kashe saba, maigida Palanisami kuma zai tambayi dalili, asirina ya tonu. Rana ɗaya tak ake kashe ta ba tambaya: ranar Ayuda Puja, da ake wanke kayan aiki a bar su su huta, ba mai taɓa su sai washegari.

Ranar, mahaifiyar maigida, da duk muke ce wa Kaka, ta ɗiga wa saba jan garin sa albarka, ta rataya mata furanni. Ana watsewa cin abinci na sulale na koma ɗakin saba. Awa biyar ina gumi, na kwashe bayanai, na sauya manhaja, na mai da furanni yadda suke.

Washegari aka kunna, sai ga saba kamar walƙiya. Maigida ya ce a gaban kowa, "Ilango, me ka yi mata?"

"Ni? Ranka ya daɗe, albarkar hannun Kaka ce. Ko kusa da ɗakin ban je ba."

Tsohuwa ta ajiye kofinta. "Ɗan nan, ban taɓa ganin ɓarawon da ke tuɓe takalmi ya jera a bakin ƙofa ba sai kai. Rana na dukansu, ni na matsar maka da su inuwa."

Kaico! Ɗakin saba ba a shiga da takalmi, kuma da bakina na kafa dokar.

Maigida ya harɗe hannu. "To, faɗa mana daga farko."

Kayal ce ta jawo mini kujera.