Igiyar Rijiyar Kurawa

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai yi bununi ba, rijiyarmu ta Kurawa ta ja baya ƙwarai. Sai aka zura injin ban ruwa can ciki, aka tashe shi. Da injin ya mutu, maƙwabcinmu Kalilu ya sauka ya duba. Muka yi ta kira, shiru.

Yayana Wada yana gida hutu. A jami'a yake, yana koyon aikin injin manyan jiragen ruwa masu dakon kaya. Ya leƙa rijiyar, ya ja da baya.

Ya ce, "Hayaƙin inji ne. An koya muna, a ƙasan jirgi yakan kashe mutum ko tari bai yi ba. Za ni shiga."

Inna ta riƙe mishi riga. "Ni da nike tsoron teku ya cinye min kai, ashe rijiya ce?"

Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya miƙo min. "Abu, numfashina za ni riƙe. In na girgiza igiya, ku jawo. In ka ji shiru, kai ka san lokaci."

Igiya ta yi ta gudu a tafina, sannan ta tsaya. Na saurara, ba motsi. Na kira sunanshi, rijiya ta maido min da muryata.

Na ce da mutane, "Ku ja, don Allah!"

Nauyin ya fi na mutum guda. Suka fito ɗaure da juna, ba mai motsi. Wada ya buɗe ido a cinyar Inna, amma bai yarda ya sha ruwa ba sai da ya ji Kalilu ya yi tari.