Fitar Ramlat Cikin Takaba

A kakar shekarar 2024, shekara guda da ɗoriya bayan cire tallafin man fetur, 'yan bindiga suka harbe Rilwanu yana yankan gero a gonarsa da ke yamma da Tsaskiya. Ya bar matarsa Ramlat da ciki wata shida. Ta shiga takaba a ɗakin surukarta, Hansai.

Haihuwar Ramlat ta farko, ta ɗanta Usaini, da tiyata aka yi, likita kuma ya gargaɗe ta kada ta sake gwada naƙuda a gida. A wancan karon Rilwanu bijimi ya sayar. Yanzu babu Rilwanu, shanun ma an kore su tun bara.

A cikin wannan hali ma'aikatan inshorar lafiya suka sauka a asibitin garin, za su yi kwana uku suna yi wa masu juna biyu rajista kyauta. Wadda ta sami kati, har tiyata ba za ta biya ba. Sharaɗin ɗaya ne: mace ta zo da kanta, a ɗauki hotonta, ta dangwala yatsa a na'ura.

Deborah, ma'aikaciyar da ke yi wa Ramlat awon ciki, ita ta kawo labarin gidan.

"Inna Hansai, minti goma ne kacal. Ni zan raka ta, ni zan dawo da ita."

"Ke Deborah, ku naku zaman makokin kwana nawa ne? Kwana arba'in ba a yi ba, sai a ga matar ɗana a layi ana ɗaukarta hoto kamar mai neman kansila?"

"Ai liman ya ce mai takaba tana iya fita da rana in da lalura."

"Liman ba ya zuwa rijiya. Ni ke zuwa, ni za a yi wa baki."

Gaskiya ne malamai sun daɗe da yarda da fitar lalura. Amma a Tsaskiya tsofaffin mata ke riƙe da sha'anin takaba, kuma hukuncinsu ya fi na littafi tsanani. Ko ɗaga murya ba a son mai takaba ta yi.

Rana ta biyu Hansai ta ɗauki katin ɗan ƙasa na Ramlat ta tafi asibitin da kanta. Ta bi layi har ta kai gaban akawun, wani mai suna Armaya'u. Ya dubi katin, ya dube ta.

"Iya, ke ce mai cikin?"

Matan da ke layi suka fashe da dariya.

"Ubanka ne mai cikin. Surukata ce, tana takaba. Ga yatsana, ai tukunyarmu ɗaya."

"Iya, na'urar ba ta san tukunya ba. Yatsan mai cikin take so."

"To ɗauko ta mu je gida."

Ya nuna mata wayar da ta haɗa na'urar da batirin firjin allurar rigakafi. In aka cire, ta mutu. Ya ƙara da cewa gobe da la'asar za su wuce Safana, kuma bai san ranar dawowarsu ba.

Da ta koma gida, Ramlat ta kawo mata ruwa, ta durƙusa, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Inna, takabata ba za ta ƙare ba sai na haihu. In na jira ta ƙare, katin ba shi da sauran amfani. In kin ce in zauna, zan zauna. Amma kin ga yadda aka yi a haihuwar Usaini."

Hansai ta gani kuwa, domin ita ta riƙe ta a bayan a-kori-kura har Katsina. Ta sha ruwan.

Washegari da hantsi, lokacin da mata suka fi cika a rijiya, Hansai ta fito ta ƙofar zaure riƙe da hannun Ramlat, wadda ke lulluɓe da tsohon zanen takabarta. Akwai hanyar bayan gida da ba mai ganinsu, ba ta bi nan ba. Ta tsaya daidai bakin rijiyar.

"Ku dube ni da kyau. Ni na fito da ita, ba ita ta fito ba. Mai magana ta zo ɗakina, ta san hanya."

Ta ja hannun Ramlat suka wuce. A asibiti matan layi suka ba Ramlat hanya ta wuce gaba. Armaya'u ya yi mata gaisuwar rashi, ya roƙe ta ta ɗan ɗaga lulluɓin, ya ɗauki hoton. Ta dangwala yatsa, na'urar ta karɓa.

Tsofaffi biyu sun daina shiga gidan Hansai har ƙarshen shekarar. A watan Janairu aka yi wa Ramlat tiyata da katin, ta sami 'ya mace.