Sandar da Ta Koma Sakata

A garin Tenterden, kowa ya san Josiah Pellett da sandarsa ta buga ƙwallo a wasan kurket. Amma da zai auri 'yar tsoho Thurlow mai fataucin ulu, sai da ya yi alkawarin barin wasa. Surukin nan kuwa ba ya yarda itace mai kyau ya zauna banza, sai ya mai da sandar sakatar ƙofar shago. Kullum Josiah ne ke zare ta da safe, shi ke mayarwa da yamma.

Ranar da 'yan wasan garin Cranbrook suka zo karawa, abokinsa Barnaby ya leƙo yana haki.

"Kai sarkin ulu, saura mutum ɗaya mu cika! Ko tumaki sun cinye maka ƙafafu?"

Josiah ya ɗauki sandar, hannunsa ya zauna daidai inda ya saba. Sai tsohon ya yi gyaran murya daga ciki.

"Ɗana, yau ba ciniki, gari duk yana filin wasa. Rufe ƙofa mu auna ulu."

"To, Baba."

Kayya, bawan Allah! Da hannunsa ya zura sakatar, yana jiyo tafi daga fili.